Yadda ake zaɓen fulot in za a kama sitilhed a kogi

Ranar da na fara shiga kogin Rocky da sandar fatsa, nan kusa da Kilibland a jihar Ohayo, wani ƙwallo ja da fari na ɗaura a zarena, irin wanda yara ke kama ƙananan kifaye da shi a tafki, wai ni nan kifin da ake kira sitilhed na zo kamawa. Awa huɗu ina tsaye cikin ruwa har gwiwa a watan Nuwamba, yatsuna sun daskare bana ko jinsu, ko motsi ban gani ba, alhali wani dattijon bature dake ƙasa da ni kaɗan ya ciro uku a gabana ya sake su. Da zai wuce sai ya tsaya ya kama zaren nawa ya duba, yace ƙwayar dalma nawa ka sa a ƙasan wannan abin don ƙoto ya nutse? Nace babu ko ɗaya. Yayi murmushi kawai yace to ai tun safe kifin bai ma ga ƙotonka ba, ta samansa yake wucewa.

Fulot shine abin nan dake yawo a saman ruwa yana riƙe da ƙugiya, in kifi ya ja sai ya nutse. Mu a gida guntun kara muke ɗaurawa ko yankin tsohon silifas, kuma yana aiki ras a kududdufi da ruwan da yake kwance. Amma sitilhed kifin kogi ne mai gudu, asalinsa daga gaɓar tekun Fasifik yake, daga Kalifoniya har Alaska da Kamchatka ta Rasha, a kogi ake ƙyanƙyasarsa ya tafi teku ya girma ya dawo kogin ya yi ƙwai, sannan a ƙarshen shekarun 1800 aka kawo shi manyan tafkunan dake tsakanin Amurka da Kanada, shi yasa yau zaka same shi a Mishigan da Ohayo da Fensilbeniya da Niyok da Ontariyo, tafkin ya zame masa teku. In ya shigo kogi ƙasa yake kwanciya dab da duwatsu, musamman lokacin sanyi, kuma ba kasafai yake tasowa sama ya bi abinci ba. Kenan aikin fulot a nan ya wuce nuna maka an ja, shine motar da zata ɗauki ƙoto ta wuce da shi ta gaban bakin kifi, a zurfin da yake, da saurin da ruwan ƙasa ke tafiya.

To ga yadda nake bi yanzu, kuma jerin yana da muhimmanci, in ka fara daga ƙarshe irin yadda nayi zaka sha wahala.

Mataki na farko, ka kalli ruwa kafin ka buɗe jaka. Abu uku kake nema, zurfi da gudu da haske. Tun daga gida ma zaka iya farawa, hukumar binciken ƙasa ta Amurka da ake kira USGS tana da ma'aunai a koguna da yawa na Amurka suna nuna yawan ruwan dake wucewa duk daƙiƙa, ana dubawa a waya kyauta, in ka jima kana zuwa kogi ɗaya zaka haddace lambar da yake daɗin kamu da lambar da gara ka zauna a gida. Kogunan da ke zuba cikin tafkin Erie irin su Rocky da Chagrin da Conneaut da Elk ƙasansu shimfiɗaɗɗen dutse ne, in anyi ruwan sama nan da nan su cika su yi jawur kamar kunun kanwa, bayan 'yan kwanaki kuma su sauka su washe har ka dinga hango ƙasa, shi kuwa kogin Grand, wanda shima cikin Erie yake zuba, ya fi su jinkirin washewa. Wato kogi ɗaya fulot ɗin da ya yi maka aiki ranar Litinin zai iya zama shirme ranar Juma'a. In ka isa bakin ruwa ka tsaya minti biyar, ka jefa ɗan ganye ko tsinke ka ga yadda yake tafiya, in yana tafiya daidai saurin mutum mai tafiya a ƙafa ba gaggawa, zurfin kuma ƙafa 3 zuwa 6, to wannan shine irin ruwan da kifin yake so kuma shine mafi sauƙin koyo.

Mataki na biyu shine wanda mutane suke tsallakewa, kuma shine gaba ɗaya maganar. Ba fulot ake fara zaɓa ba, dalma ake fara zaɓa. Ka tambayi kanka nauyi nawa nake buƙata don ƙotona ya sauka ƙasa da wuri a wannan ruwan, ya kuma zauna can ba tare da ruwa ya ɗago shi ba? In ka samu amsar sai ka ɗauko fulot ɗin da zai iya ɗaukar wannan nauyin. Lambar da zaka gani a jikin fulot, 4 ko 6 ko 8 ko 11 ko 15 da harafin g a gefe, ba nauyinsa bane shi kansa, nauyin kayan da zai ɗauka ne a giram kafin ya zauna daidai a ruwa. Ni na fi wata guda ina zaton nauyin fulot ɗin ne, har na taɓa ɗora shi a sikelin kicin ina mamakin ƙaryar kamfani.

A yankin manyan tafkuna da giram ake lissafi, a yamma kuma, wato Washinton da Oregon da Idaho, da oza suke rubutawa. Oza ɗaya giram 28 ce da ɗan ɗoriya, kenan 1/4 kusan giram 7, 3/8 kusan 11, 1/2 kusan 14, 3/4 kusan 21. Ka riƙe wannan don in ka sayi kaya ta intanet zasu zo maka a cakuɗe.

Ga yadda nake rabawa a kaina, ba doka bace, abinda ya yi mini aiki ne. Ƙaramin rafi, ruwa ya sauka ya washe, zurfi bai wuce ƙafa 3 ko 4 ba, giram 3 zuwa 5 ya isa. Matsakaicin kogi a ranar da ruwa yake daidai, launinsa kore-kore kana ganin ƙafarka in ka shiga zuwa gwiwa, giram 6 zuwa 8, kuma in za'a ce in zaɓi guda ɗaya tak in rayu da shi a Ohayo to mai 7 ko 8 zan ɗauka. Manyan koguna irin Manistee da Muskegon a Mishigan ko kogin Salmon dake Pulaski a jihar Niyok in an sako ruwa daga dam, 11 zuwa 15. Irin su Niagara ta ƙasa da manyan kogunan yamma kamar Cowlitz ko Vedder ta Kanada kuwa giram 20 har sama ba abin mamaki bane, ruwan yana da ƙarfi da zurfi kuma jifan yana da nisa.

Sabbin shiga kullum ƙarami suke so, wai kada kifi ya gani ya tsorata. Na fahimci tunanin, amma wallahi kuskuren ƙaramin fulot ya fi na babba yawa nesa ba kusa ba. Ƙarami yana nufin dalma kaɗan, dalma kaɗan kuma tana nufin kafin ƙoto ya kai ƙasa ka riga ka wuce rabin gurbin da kifin yake, ga shi baya jifuwa da nisa, ga shi duk ɗan murɗawar ruwa sai ta nutsar da shi kai ta fizga a banza. In kana shakka tsakanin biyu ɗauki na saman.

Mataki na uku, kafaffe ko mai zamewa. Kafaffe shine wanda ake maƙale shi a zare da ƙananan bututun roba guda biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasan sandarsa, kamar robar bawul ɗin keke sak, kana zura robobin a zare tun kafin ka ɗaura komai, sai ka cusa kan fulot da gindinsa a ciki. Amfaninsa biyu ne, in zaka sauya zurfi ja kawai zaka yi sama ko ƙasa, ka ɗan jiƙa zaren da yawu kada ya ƙone, in kuma zaka sauya fulot gaba ɗaya daga mai 5 zuwa mai 8 zare shi kawai zaka yi ka cusa wani ba sai ka yanke komai ba, wanda duk ya taɓa ƙulla zare da yatsu a daskare ya san darajar wannan. Sannan yana bin umarni, in ka ɗan riƙe zare fulot ɗin zai rage gudu ba tare da zurfin ya canza ba. Matsalarsa ɗaya, ba zaka iya sa zurfin da ya fi tsawon sandarka ba, don in kazo jifa ko kazo jawo kifi bakin gaɓa fulot ɗin zai tokare a bakin sanda kifin kuma yana can nesa. Shi yasa masu wannan kamun suke riƙe dogayen sanduna, ƙafa 10 da rabi zuwa 13.

Mai zamewa kuwa rami ne a tsakiyarsa zare yake bi ta ciki, a sama sai a ɗaura ɗan ƙulli na zare mai launi ko 'yar roba, a ƙarƙashinta a zura ɗan dutsen ado ƙarami don kada ƙullin ya shige ramin. In ka jefa dalma zata ja zare ta cikin fulot har sai ƙullin ya tare shi. Ƙullin yana wucewa ta zobban sanda har cikin ril, wato abin naɗe zare dake gindin sanda, don haka ko ƙafa 15 kake so zaka iya. Ni ƙa'idata, ruwa ƙasa da ƙafa 7 ko 8 kafaffe, sama da haka mai zamewa, haka nan in bayanka bishiyoyi ne ba wurin lilo da dogon zare mai zamewa zai cece ka. Amma ka sani shi yana son dalmarsa a dunƙule wuri guda don ta ja zaren da sauri, kuma in ka riƙe zare da ƙarfi ƙoton zai taso sama don zaren zamewa zai yi ta ciki. Ranar da sanyi ya kai ruwa yana daskarewa a zare kuma, ramin nan yakan toshe da ƙanƙara ya ƙi zamewa, sai kaga fulot a kwance kana ta mamaki.

Mataki na huɗu siffa. Nan ne shaguna suke ruɗa mutum, bango guda cike da kaya kala-kala, amma in ka lura duk abu ɗaya ne ake ja tsakaninsa, siriri ya fi jin motsi, mai ƙiba ya fi tsayuwa. Siriri dogo kamar fensir ko sigari baya yi wa kifi nauyi in ya ja, ko shafar ƙoto aka yi zaka gani, shine na ruwa mai tafiya a hankali mai santsin fuska, irin dogayen gurabun da kifi ke taruwa a tsakiyar hunturu lokacin da ruwan ya kusa daskarewa, don a lokacin kifin baya fizga, tsotsa kawai yake yi, fulot ɗin ya ɗan nutse rabin inci ya tsaya, in mai ƙiba ne baza ka ma lura ba. Amma kai shi ruwa mai tafasa yana murɗawa ka gani, duk bayan taku biyu sai ya nutse da kansa.

Mai kafaɗa a sama, wato jikinsa kamar ƙwai ko ɗigon hawaye da aka kifa, ƙibar tana sama sai doguwar ƙafa siririya a ƙasa, wannan shine na kullum. Turawan Ingila ne suka daɗe da wannan siffar suna kiranta Avon da sunan kogi, can ma dai ainihin wannan salon na sakin fulot ya bi ruwa da ril mai juyawa da kansa ya samo asali kafin ya shigo Ontariyo ya bazu. Kafaɗar tana hana ruwa danne shi, ƙafar tana hana shi rawa. Sai gajere mai ƙiba mai faɗin kai, wanda kamfanin Drennan suke kira Loafer, na ruwa ne mai sauri marar zurfi, ƙafa 2 zuwa 4 tsakanin duwatsu, gajartarsa tana sa baya taɓa ƙasa kuma faɗin kansa ana hango shi cikin kumfa. A Kanada ta yamma kuma zakaga wani dogon soso kamar guntun rake da suke ce wa dink, ana zura zare ta sama a naɗe shi a jiki a fito ta ƙasa, arha ne kuma baya fashewa, wasu har yanke shi suke da wuƙa ya dace da dalmarsu. Ƙwallon nan zagayayye irin nawa na ranar farko kuwa, ka bar wa yara, yana da wuyar nutsewa kifi yana ji ya tofar, kuma baya nuna maka komai game da abinda ke faruwa a ƙasa tunda ko ta ina ya juya kamarsa ɗaya.

Abin da aka yi shi da shi ba sai na ja ba. Katakon balsa ya fi kowa jin motsi da kyan tafiya amma in ka buga shi a dutse fentin ya tsage ruwa zai shiga ya rage ƙarfinsa, ɗan man farce marar launi yana toshe tsagar. Soso mai tauri baya mutuwa. Roba mai haske kamar gilashi ta ruwa ce da ya washe marar zurfi inda kifi zai iya ɗago ido ya ga inuwa tana wucewa, amma tana tsagewa musamman a sanyi, in kaga fulot ɗinka yana ƙara nutsewa a hankali ba dalili ka girgiza shi a kunne, zaka ji ruwa a ciki. A gaskiya in zurfi ya wuce ƙafa 5 ko ruwan yana da ɗan duhu bana jin kifi ya damu da launin gindin fulot. Sunayen masu ƙera fulot irin Raven da Drennan da Thill da Blackbird duk sanannu ne kuma duk suna aiki, kada ka tsaya jayayyar suna.

Launin kai kuwa don idonka ne ba don kifi ba. Ruwan lemo mai ƙyalli shine wanda ya fi fitowa a yawancin ranaku, rawaya mai kore-kore ta fi da asuba ko ƙarƙashin inuwar bishiyoyi inda ruwa yayi duhu, in kuma rana tana haske fuskar ruwa yayi fari fat kamar kwano to baƙin kai ne kawai zaka iya gani, ni baƙin alƙalamin nan maka nake ajiyewa a aljihu in shafe kan ɗaya in ta kama. In idonka ya fara raunana ko kana sakin fulot yayi nisa sosai, zaɓi mai kauri a kai ko da zai rage jin motsi kaɗan, jin motsin da baka gani ba me zai amfana maka.

Mataki na biyar, ɗora masa kaya daidai. Nan ne aikin yake. Bari mu ɗauki mai giram 8. Duk abinda yake ƙasansa ana lissafa shi, dalma da ɗan ƙarfen nan mai juyawa da ake haɗa zare biyu da shi da kuma ƙoton in mai nauyi ne. A ma'aunin Ingila ƙwayar dalma da ake kira SSG giram 1.6 ce, AAA 0.8, BB 0.4, lamba 1 kuma 0.3, lamba 4 kuma 0.2, amma kamfanonin Amurka sukan yi amfani da haruffa iri ɗaya da nauyi daban, don haka ka duba giram ɗin a jikin kwalin. In ƙotona jig ne, wato ƙugiya mai ɗan dunƙulen nauyi a kai, mai 1/32 na oza, kusan giram 0.9 kenan, saura mini wajen 7. Sai in sa AAA huɗu, 3.2, BB shida, 2.4, lamba 1 guda huɗu, 1.2, jimla 6.8, da jig ɗin 7.7, ɗan ƙarfen juyawa ya cike sauran. In ƙullin ƙwan kifi ne ko dutsen roba mai kama da ƙwai, nauyinsu a ruwa ba wani abu bane, sai in ƙara BB biyu.

Amma lissafi daban ruwa daban, lambar da kamfani ya rubuta ba kullum take cika ba. Kafin ka fara jifa ka saka kayan a ruwa nan gabanka inda yake da ɗan zurfi ka duba. Abin da kake so shine duk jikin ya nutse, kan mai launi kawai ya rage a waje, yawanci akwai layi inda launin ya ƙare, ruwa ya tsaya nan. In rabin jikin yana waje yana rangaji kaya sun yi kaɗan, iska zata dinga tura shi, kifi kuma in ya ja zai ji turjiya ya saki. In yana nutsewa da kansa duk sanda ya shiga ɗan gargada cire ƙwaya ɗaya. A ruwa mai santsi nakan danne shi sosai ya rage ɗan tsinin kai kawai, a ruwa mai hargitsi nakan bar masa ɗan sarari. Ni a gida nake wannan gwajin yanzu cikin dogon bokiti, uwargida ta gaji da tambaya ta daina, in na gama in rubuta a ɗan kati cewa wannan fulot ga ƙwayoyin da yake ci.

Yadda zaka jera ƙwayoyin shima yana canza komai. Manyan a sama kusa da fulot, suna raguwa har zuwa ƙananan a ƙasa, tazara daidai kamar maɓallan riga, wannan shine jerin kullum, kuma dalilinsa shine ruwan sama ya fi na ƙasa gudu saboda duwatsu suna rage masa ƙarfi, to in nauyin yana sama sauƙin yana ƙasa ƙoton zai ɗan yi gaba ya riga dalma isa wajen kifi, abinda kifi zai fara gani kenan abinci ba ƙarfe ba. In gurbin gajere ne mai zurfi mai gudu kuma, tara su wuri guda dab da saman ƙarfen juyawa don su nutse kamar dutse. Ƙasan ƙarfen sai siririn zare mai wuyar gani a ruwa, inci 18 zuwa 24, kuma lallai ya fi babban zaren rauni, misali babba mai jure nauyin laba 10 ko 12 kafin ya tsinke, ƙarami 6 ko 8, don in ƙugiya ta maƙale a dutse ka ja ya tsinke daga ƙasa fulot ɗinka ya tsira. Na taɓa yin akasin haka ina kallo fulot uku suka bi ruwa a rana ɗaya. Kada kuma ka matse dalma da haƙori, guba ce, ɗan filaya ya isa, wasu jihohin ma irin Niyok sun hana sayar da ƙananan na dalma sai na wani ƙarfen, waɗannan sun fi girma a nauyi ɗaya sai ka sake gwaji.

Mataki na shida shine karanta fulot ɗin, don shi da kansa zai gaya maka ko zaɓinka yayi. Ka fara da zurfin da kake zato, ka jefa sama kaɗan da inda kake tunanin kifi yake, yawanci layin da ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya, inda kumfa take jeruwa. Ka kalli kan. In ya karkata yana nuna inda ruwa ya nufa, yana ɗan tsayawa yana ƙyafta, to kayanka suna jan ƙasa, rage zurfi inci 6. In yana tsaye cak yana tafiya sumul bai taɓa komai ba har ƙarshe, wataƙila kana sama da yawa, ƙara inci 6 ka sake, kai ta ƙarawa har ya fara taɓa ƙasa sannan ka dawo baya kaɗan, kana so ƙoto ya wuce kamar taƙi ɗaya ko biyu sama da duwatsu. In ya kwanta a gefe gaba ɗaya dalma ce ta zauna a ƙasa, zurfin ya wuce kima. Yanayin da ake nema shine a tsaye ko ya ɗan jingino baya wajenka kaɗan, kuma yana tafiya ƙasa da saurin kumfar dake gefensa, in kumfa tana wuce shi a hankali to kana tafiya da saurin ruwan ƙasa kenan.

In ka yi duk wannan amma kaga sai ya yi nisa sosai kafin ya miƙe tsaye bayan jifa, to ba zurfi bane matsalar, fulot ɗin ne yayi ƙarami wa wannan ruwan, koma mataki na biyu ka hau zuwa na gaba da dalmarsa. In kuma duk faɗuwarsa a ruwa sai kaga inuwar kifaye suna watsewa a rafin da ya washe, sauka ƙasa ka koma mai haske, ka kuma jefa can sama da su ya gangaro musu.

Zaren dake tsakanin sanda da fulot shima in ya kwanta a ruwa ya yi ciki zai ja fulot ya kauce daga layi komai kyansa, don haka ɗaga sanda ka ɗauke zaren daga ruwa gwargwadon iko, in ya yi ciki ka ɗaga shi ka mayar baya a hankali ba tare da ka motsa fulot ba. Kitsattsen zare yana yawo a sama da kyau amma yana shan ruwa ya daskare in sanyi yayi tsanani, lokacin gara lailon. In fulot ya nutse, ko ya tsaya cak, ko ya yi gefe ba dalili, ɗaga sanda nan take, sau goma dutse ne, na sha ɗaya sai kaji dutsen ya girgiza kai ya fita da gudu ril yana kuka.

Kafin ka shiga ruwa dai ka duba dokar wurin, don ba ko'ina aka yarda da ƙoto ba, kogin Pere Marquette a Mishigan yana da yankin da ƙudan roba kawai ake amfani da shi, Fensilbeniya tana buƙatar ƙarin izinin tafkin Erie bayan lasisi, a yamma kuma yawancin wurare kifin da aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo ne kawai ake ɗauka, ana gane shi da ɗan ƙaramin fiffiken bayan nan kusa da wutsiya da aka yanke, na daji sakinsa ake yi.

Abin da ke cikin jakata yanzu bai fi guda takwas ba, masu kafaɗa na giram 5 da 8 da 11 bibbiyu, siriri ɗaya mai 4 na tsakiyar hunturu, mai zamewa ɗaya mai 15 saboda wani gurbi mai zurfi a Grand. Ina zuba su cikin guntun bututun famfo mai murfi don kada ƙafafunsu su karye in na zauna a kai, robobin maƙalewa kuma nakan zura guda huɗu a zare maimakon biyu, in ɗaya ta tsage a tsakiyar kamu sai in jawo ta kusa da ita in cigaba.